Digiri na biyu a labarin ƙasa na sufuri da kasuwanci: abin da ake koya, inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni

Tambayoyi biyu ne wannan kwas ya ginu a kansu: a ina ya kamata a kafa abu, kuma ta wace hanya mutane da kaya za su isa wurin. Abin da za a kafa ɗin zai iya zama reshen babban kanti, sito, tashar mota, asibiti ko sabon layin jirgin ƙasa. Jami'o'i suna tallata shi da sunaye daban-daban, wasu a ƙarƙashin sashen labarin ƙasa, wasu a sashen tsara birane, wasu kuma a cibiyoyi na musamman irin Cibiyar Nazarin Sufuri ta Jami'ar Leeds da ke Ingila. Hukuncinmu a kansa shi ne: kwas ne mai amfani, amma amfaninsa ya rataya a kan abu guda, wato ko ana tilasta wa ɗalibi ya gwada lissafinsa da alƙaluman da aka ƙirgo a zahiri, ko kuwa ana barinsa ya zana taswira mai launi ya miƙa a ba shi maki. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai yawa, kuma takardar tallar kwas ba ta nuna ta.

Tsawonsa ya danganta da ƙasa. A Birtaniya shekara ɗaya ce cur, zango biyu na darussa sannan kundin bincike a watannin ƙarshe, wanda yakan ɗauki kashi ɗaya cikin uku na makin gaba ɗaya. A yawancin ƙasashen Turai shekara biyu ce, haka ma a Amurka. Na shekara ɗaya yana rage kashe kuɗi, sai dai wanda bai taɓa rubuta shirin kwamfuta ba zai sha wuya, domin kafin hannunsa ya faɗa da Python ko R, harsunan rubuta shirin kwamfuta, an riga an nemi ya kawo batun kundinsa.

Zangon farko yakan buɗe da tsofaffin ka'idoji: von Thünen da lissafinsa na 1826 kan yadda kuɗin dako ke tsara abin da ake nomawa kewaye da gari, Alfred Weber a 1909 kan inda masana'anta za ta zauna tsakanin kayan sarrafawa da kasuwa, Christaller a 1933 kan jerin garuruwa manya da ƙanana. Mako uku ya ishe su. Kwas ɗin da ya cinye zango guda a kansu yana ɓata wa ɗalibi lokaci, domin duk sun ɗauka cewa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, babu kogi, babu tudu, babu cunkoso, kuma aikin da ke gaba gaba ɗayansa a kan waɗannan abubuwan yake.

Ainihin karatun a ɗakin kwamfuta ake yin sa, kuma kuskuren farko da kusan kowa ke faɗawa shi ne na ma'aunin taswira. Bayanan da ake saukewa daga GPS ko intanet galibi suna zuwa ne a tsarin WGS84, inda ake auna wuri da digiri, ba da mita ba. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne a ko'ina, amma daga gabas zuwa yamma yana raguwa yayin da ake nesa da tsakiyar duniya, har ya koma kusan rabi a layin digiri 60 arewa ko kudu da tsakiyar. Ɗalibi ya ce wa manhaja ta zana da'ira mai faɗin "500" kewaye da tasha, yana nufin mita, ita kuma ta fahimci digiri, sai da'irar ta rufe duniya. Wannan ma da sauƙi, tunda ido zai gani. Wanda ya fi haɗari shi ne aunawa a kan Web Mercator, tsarin da taswirorin intanet ke amfani da shi: lambobin suna fitowa da mita, kamar komai daidai, alhali a layin digiri 60 tazara ta ninka biyu, faɗin fili kuma ya ninka huɗu. Maganin shi ne a mayar da duk bayanai zuwa UTM, tsarin taswira mai auna wuri da mita shiyya-shiyya, a zaɓi shiyyar da ta dace kafin a auna komai. Duniya an raba ta shiyya 60, kowacce faɗin digiri 6. Malamin kirki yakan sa a yi wannan kuskure da gangan a mako na biyu don kada a sake.

Daga nan sai gina sarƙar hanyoyi, wato tituna da mahaɗunsu a cikin kwamfuta. Dabarar gano hanya mafi kusa, wadda Dijkstra ya wallafa a 1959, ba ta kuskure. Bayanan da aka ba ta ne ke yi. Layi biyu na titi da suka haɗu a ido amma akwai ratar rabin mita a tsakaninsu, kwamfuta za ta ɗauka babu mahaɗa, ta zagaya da mota kilomita goma. Gadar sama da aka zana ta gitta titin ƙasa, idan aka sa manhaja ta yanka layuka a duk inda suka gitta juna, sai ta zama mahaɗa, motoci su riƙa sauka daga gada zuwa titi a inda babu gangara. Titin wanwe da aka zana shi a juye yana mayar da unguwa guda tsibiri. OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta da 'yan sa-kai ke zanawa, wadda aka fara a 2004, ita ce madogarar yawancin ɗalibai, kuma tana da kyau a kan siffar tituna, amma iyakar gudu sau da yawa babu ita, sai an cike da ƙiyasi bisa nau'in titi. Hanyar dubawa mai sauƙi ita ce a zaɓi wurare ashirin da aka san tsawon tafiyarsu, a kwatanta da abin da sarƙar ta bayar. Kwas da yawa ba sa neman wannan gwajin, kuma rashi ne babba.

Ɓangaren kasuwanci shi ne ya fi saurin kawo aiki, kuma a nan kwas ɗin ya fi biyan kuɗinsa. Ana farawa da dabarar William Applebaum ta ɗora adireshin masu saye a kan taswira don a gano yankin da kanti ke jawo ciniki, sannan a ƙiyasta cinikin sabon wuri ta hanyar kwatanta shi da rassan da suka yi kama da shi. Sai lissafin Reilly na 1931 kan yadda garuruwa biyu ke raba masu saye bisa girmansu da nisansu, sai wanda ya gaje shi, lissafin David Huff na farkon shekarun 1960, wanda har yau shi ne ƙashin bayan aikin. Huff bai ce mai saye na wannan kanti ne ko na wancan ba, ya ce akwai yiwuwar kaza ya je nan, kaza ya je can. Ana raba girman kanti da tsawon tafiya, bayan an ɗaga tsawon tafiyar zuwa wani ƙarfi (a ƙarfi 2, minti 10 ya zama 10 sau 10), sannan a kwatanta sakamakon kowane kanti da jimillar duka.

A ga yadda yake a aikace. Unguwa ɗaya, kantuna biyu. Na farko murabba'in mita 2,000 ne, tafiyar minti 10. Na biyu murabba'in mita 1,000, tafiyar minti 5. Idan ƙarfin da aka ɗaga tafiya 1 ne, na farko ya samu 200, na biyu 200, masu saye sun rabu biyu daidai. Idan aka mayar da shi 2, na farko ya samu 20, na biyu 40, wato ƙaramin kanti ya kwashe biyu cikin uku. Idan 3 ne, 2 da 8, ƙaramin ya ɗauki kashi 80 cikin ɗari. Kantunan ba su motsa ba, unguwar ba ta canja ba, lamba ɗaya kawai aka taɓa, rabon babban kanti ya faɗo daga kashi 50 zuwa 20. To daga ina wannan lambar take fitowa? Manhajoji da yawa suna zuwa da wata lamba a ajiye, ɗalibi ya danna ya wuce. Yadda ya kamata a yi shi ne a samo bayanan masu saye na gaske, daga katin rangwame na kamfani ko daga tambayar mutane a ƙofar kanti, a riƙa sauya lambar har lissafi ya yi kusa da abin da aka gani, sannan a gwada ta a kan rassan da ba a sa cikin daidaitawar ba. Lambar ba ɗaya ba ce ga kowane kaya: mutum ba ya tafiya mai nisa don kayan masarufi na yau da kullum, amma zai yi don kujeru ko mota. Kwas ɗin da ya koyar da Huff ba tare da wannan daidaitawa ba ya ba ɗalibi sikeli ne babu duwatsun awo.

Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne sabon reshe yana cin cinikin tsohon reshen kamfani ɗaya. Ɗalibi ya kawo rahoto cewa sabon wuri zai yi ciniki mai yawa, bai cire abin da rassa biyu na kusa za su rasa ba. Mai kamfani kuwa ƙarin da zai shiga aljihunsa gaba ɗaya yake tambaya. Sai kuma matsalar gefen taswira: idan an yanke yankin bincike a iyakar gunduma, kantunan abokan hamayya da ke tsallaken iyaka sun ɓace daga lissafi, sai rassan da ke bakin iyaka su fito kamar ba su da kishiya. Ana magance shi da faɗaɗa yankin da aƙalla tsawon tafiyar da masu saye ke yi, ko da ba za a ba da rahoto a kan ƙarin ba.

A ɓangaren sufuri, ginshiƙin shi ne lissafi mai mataki huɗu da aka ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1950, a binciken biranen Detroit da Chicago. Ana yanka birni shiyya-shiyya. Matakin farko, tafiye-tafiye nawa kowace shiyya ke fitarwa da karɓa. Na biyu, daga wace shiyya zuwa wace. Na uku, da wane abin hawa. Na huɗu, ta wane titi. Yana da sauƙin faɗa, amma birni mai shiyya 500 yana nufin jadawali mai gida 250,000, kuma binciken gida-gida da ake cike shi da shi ƙaramin kaso ne na mazauna, don haka yawancin gidajen jadawalin babu komai a ciki, sai an cike su da lissafi. Tafiyar da ta fara kuma ta ƙare a cikin shiyya ɗaya ba ta hawa kan titi ko kaɗan a wannan tsari, abin da ke sa masu tafiya a ƙafa da masu keke su ɓace idan shiyyoyin manya ne.

A mataki na huɗu ana amfani da wani lissafi na tsohuwar hukumar hanyoyi ta Amurka da ke ƙara lokacin tafiya yayin da titi ke cika. Da lambobinsa na asali, titin da ake wucewa cikin minti 10 idan babu kowa zai ɗauki minti 11 da rabi idan ya cika daidai ƙarfinsa, wato yawan motocin da zai iya ɗauka, kusan minti 17 da rabi idan motoci sun ninka ƙarfinsa sau ɗaya da rabi, minti 34 idan sun ninka sau biyu. A lura, lissafin ya yarda motoci su ninka ƙarfin titi, abin da ba ya yiwuwa a zahiri. A zahiri layi ne zai yi tsawo ya toshe mahaɗar da ke baya. Malamin da ya tsaya ya bayyana wannan ya fi wanda ya koyar da manhaja uku.

Darasin zaɓen abin hawa shi ne ya fi nauyin lissafi, kuma shi ne ya fi kayar da ɗaliban da suka fito daga fannin labarin ƙasa zalla. Tushensa aikin Daniel McFadden ne, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000. Kafin a buɗe jirgin BART a yankin San Francisco ya yi hasashen kusan kashi 6 cikin ɗari na masu zuwa aiki da ya bincika za su hau shi, hasashen hukuma kuwa ya haura haka nesa ba kusa ba, kuma abin da ya faru ya zo daidai da nasa. Ana son ba da wannan labari a aji. Wanda ya kamata a haɗa shi da shi, kuma ba kullum ake yi ba, shi ne binciken Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa na 2005 a kan ayyuka 210 a ƙasashe 14, wanda ya nuna cewa a ayyukan jirgin ƙasa tara cikin goma an zuzuta yawan fasinjojin da za a samu. Ba duka laifin lissafi ba ne. Wanda ke son a amince da aikinsa ya san lambar da zai taɓa. Ɗalibin da zai fita ya riƙa sa hannu a kan irin waɗannan rahotanni ya kamata ya san haka tun yana aji.

Akwai wata matsala da ta ratsa ɓangarorin biyu, wato yadda sakamako ke sauyawa idan aka sauya iyakokin shiyyoyi. Openshaw da Taylor sun nuna ta a 1979 da gundumomi 99 na jihar Iowa: sun riƙa haɗa gundumomin ta hanyoyi daban-daban, alaƙar da ke tsakanin yawan tsofaffi da ƙuri'un jam'iyya ɗaya ta riƙa juyawa daga mai ƙarfi ta wannan gefe zuwa mai ƙarfi ta wancan, da alƙaluma iri ɗaya. Ba ta da magani na dindindin. Abin da ake yi shi ne a maimaita bincike a kan girman shiyya biyu ko uku, a faɗi ko sakamakon ya tsaya.

Darasin motocin haya ya samu sauƙi tun da tsarin GTFS na rubuta jadawalin motocin haya ya fito, wanda Google da hukumar sufurin birnin Portland suka fara a 2005. Tarin fayiloli ne na rubutu: tashoshi, layuka, tafiye-tafiye, lokutan tsayawa da kalanda. Tarkonsa biyu ne sanannu. Idan ranar da aka zaɓa don bincike ba ta cikin kwanakin da kalandar fayil ɗin ta ƙunsa, manhaja za ta ce babu mota ko ɗaya, ta ba da lokacin tafiya a ƙafa ba tare da gargaɗi ba. Sannan motar da ta wuce tsakar dare ana rubuta lokacinta kamar 25:10, wanda wasu shirye-shirye ke watsarwa a matsayin kuskure. Ban da haka, jadawali ne, ba abin da ya faru a titi ba. Rauni mafi girma a nan shi ne tsarin ya ɗauka akwai jadawali tun farko. A biranen da ƙananan motocin haya ke tashi sai sun cika, su tsaya duk inda fasinja ya ɗaga hannu, sai an bi su da waya ana ɗaukar hanyarsu, kamar yadda aka yi wa motocin matatu na Nairobi aka fitar da taswirarsu a 2014. Kwas kaɗan ne ke koyar da tattara bayanai irin wannan, alhali miliyoyin mutane a duniya haka suke tafiya.

Sufurin kaya shi ne ɗan bora a yawancin waɗannan kwasa-kwasai. Za a ba da tarihin kwantena, yadda Malcom McLean ya ɗora guda 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston a 1956, a yi bayanin ma'aunin kwantena mai ƙafa 20, a nuna taswirar manyan tashoshin jiragen ruwa, shi ke nan. Amma aikin da kamfanonin dako ke ɗaukar mutum dominsa shi ne tsara zagayen motoci. Mota ɗaya mai wuraren sauke kaya 10 tana da jeri fiye da miliyan uku da rabi da za ta iya bi. Idan wuraren 15 ne, jerin ya haura tiriliyan ɗaya. Shi ya sa ake amfani da dabarun kusanta amsa, irin ta Clarke da Wright ta 1964, sannan a ɗora sharuɗɗan gaske: nauyin da mota ke ɗauka, lokacin da mai karɓa ke buɗewa, awannin da doka ta yarda direba ya yi, mintocin sauke kaya a kowane wuri. Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa, kuma a rabon kaya cikin gari yakan yi gogayya da lokacin tuƙin kansa. Wanda wannan ne burinsa ya duba ko an yarda ya ɗauki darasi daga sashen kasuwanci ko injiniya.

Batun manhaja kuma a yi hattara. Jami'o'i da yawa suna koyarwa da manhajar taswira ta ArcGIS, wasu su ƙara da Visum ko Emme don lissafin sufuri. Kayan aiki ne masu kyau kuma manyan kamfanoni na amfani da su, sai dai lasisin ɗalibi yana ƙarewa da karatu. Wanda ya iya na kyauta irin QGIS, PostGIS, da Python ko R zai ci gaba da aiki washegarin kammalawa ba tare da ya biya kowa ba, kuma aikin da aka rubuta a matsayin shiri ana iya maimaita shi idan sababbin bayanai sun zo, saɓanin wanda aka yi da danne-danne. Kwas mai kyau yana koyar da duka biyun. Idan ɗaya kawai za a samu, a zaɓi mai rubuta shiri.

Kundin bincike shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, kuma dalilin kusan kullum bayanai ne. Ɗalibi ya gina batunsa a kan alƙaluman ciniki da wani kamfani ya yi alkawari, lauyoyin kamfani su riƙe yarjejeniyar sirri wata biyu, lokaci ya ƙure. Ko ya shirya tambayar fasinjoji bai san sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince ba kafin ya tambayi mutum ko ɗaya. Bayanan wayar salula suna da ban sha'awa, amma suna nuna masu waya ne na kamfani ɗaya, ba su faɗin dalilin tafiya, kuma dokokin kare sirri irin na Tarayyar Turai da suka fara aiki a 2018 sun ƙuntata yadda ake samunsu. Ƙa'idar da ta fi tsare mutum ita ce kada ya miƙa batu sai fayil ɗin yana cikin kwamfutarsa, ya buɗe shi, ya ƙirga layukan da babu komai a cikinsu.

Wa ya dace ya shiga? Wanda ya karanta labarin ƙasa, tattalin arziki, tsara birane ko ƙididdiga, kuma ba ya gudun lissafi. Ayyukan da ake samu sun haɗa da sashen zaɓen wuri a manyan kantuna da bankuna, kamfanonin ba da shawara kan sufuri, hukumomin tsara birane, kamfanonin dako da na gidaje. Wannan digiri ba ya mayar da mutum injiniya. Mai son zana titi ko gada ya sa hannu, hanyarsa daban ce.

Kafin a biya kuɗi, a nemi jadawalin darussa na bana, ba na talla ba, a ƙirga awannin ɗakin kwamfuta a kwatanta da na lacca. A tambayi ko akwai aikin da ɗalibai ke fita su ƙirga motoci a mahaɗa ko su tambayi masu saye, sannan su daidaita lissafinsu da abin da suka samo. A duba ko darussan zaɓi da aka jera ana koyar da su kowace shekara, domin wasu suna nan a takarda ne kawai tun da malaminsu ya bar sashen. A nemi ganin kundaye uku ko huɗu na bara, a buɗe babin sakamako kai tsaye, a duba ko akwai jadawalin da ya jera abin da lissafi ya hango a gefe ɗaya da abin da aka ƙirga a ɗaya gefen.